Burodin Da Auta Ya Musanta

"Injiniya! Ƙauri fa nake ji!"

Daga uwar ɗaki Malama ta ɗaga murya. Auta ya yi wuf ya sauke tukunyar daga kan gas, murfin ya ƙona masa yatsa, ya cusa yatsan a baki yana rawar ƙafa. Bai amsa mata ba sai da ya tabbatar tagar kicin a rufe take, babu maƙwabcin da ya hango shi.

"Ba ƙauri ba ne, ƙamshi ne ya yi yawa!"

Ta yi dariya daga kan gado, shi kuwa gumin kunya ne ke tsatstsafo masa a goshi.

Auta mai gyaran wutar lantarki ne. Shi ne ƙarami a gidansu, shi ya sa kowa ke kiransa haka, matarsa kaɗai ke ce masa Injiniya. Ita malamar firamare ce, a ajinta suka fara ganin juna ranar da ya je gyara fanka, ya yi ta jan aikin har aka tashi yara. Auren so suka yi. Sai dai duk su biyun fitar sassafe suke, su dawo a gajiye, abincin gidan ya zama taliyar leda, kifin gwangwani, lemon kwalba da burodin shago mai zaƙi. Cikinta na farko hawan jini ya zubar da shi. Da Allah Ya sake ba ta wani, ya fara tsufa, ƙafafunta suka kumbura, likita ta dube su ta saman tabarau.

"Kwanciya za ta yi, ban da tsayuwa a gaban wuta. A rage gishiri sosai, a bar dunƙulen ɗanɗano, a bar kayan gwangwani da na leda. Komai a gida za a haɗa shi. Wa zai dafa mata?"

Mahaifiyar Malama ta daɗe da rasuwa, 'yan'uwanta kuma suna nesa. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi: "Ni."

Faɗar ce mai sauƙi. Umma, mahaifiyarsa, ta raini 'ya'ya maza ba tare da ɗayansu ya taɓa ɗauraye cokali ba, kuma abin alfaharinta ne. Don haka a ɓoye Auta ya fara koyo, kamar mai aikin laifi. In ya je kasuwa sayen alayyafo da karas, kafin mai kayan ta tambaya ya ce, "Aiko ni aka yi." Malama na kwance tana ba shi umarni ta ƙofa: wanke, jiƙa, rage wuta, kar ka buɗe. Shinkafarsa ta farko ta caɓe, wakensa ya ƙi nuna, miyarsa ta fito salam kamar ruwan wanke tukunya. Ta shanye tas, ta ce da daɗi, shi kuwa ya san ƙarya take don kar gwiwarsa ta yi sanyi. A hankali ya gane albasa in ta soyu da kyau, aka haɗa ta da tafarnuwa da citta da ɗan lemon tsami, harshe ba ya neman gishiri.

Burodi ne ya fi ba shi wuya. Daga bidiyon waya ya koya. Na farko ya zuba wa yis, sinadarin da ke kumbura burodi, ruwan zafi ya kashe shi, abin ya fito kamar bulo, Malama ta ƙwanƙwasa shi da cokali ta ce, "Sori Injiniya, wannan sai dai a kai wajen gini." Bai fasa ba. Ya koyi murza kwaɓin garin alkama har ya daina kama hannu, ya rufe shi ya jira ya kumbura, ya zuba yashi a ƙasan babbar tukunya ya ɗora gwangwanin da ya zuba kwaɓin a kai. Kumburin ƙafafunta ya fara saɓewa, awon jininta ya sauka.

Ranar wata Asabar da hantsi ya fitar da burodin da bai taɓa yin irinsa ba, samansa ja, cikinsa laushi. Yana ɗaure da tsohon zanen Malama a ƙugu yana yanka shi, sai ya ji sallama. Umma ce, da Yaya Babba, wansa.

Ya warware zanen ya cusa bayan firij, ya kakkaɓe rigarsa, ya fito yana yaƙe.

"Kai, wannan ƙamshi haka?" Yaya Babba ya bi hancinsa har kicin, ya dawo falo da yanki a hannu yana tauna. "Umma, ɗanɗana ki ji. Wallahi ya fi na shago! Wa ya gasa?" Ya dubi ƙanensa sama da ƙasa yana dariya. "Kar dai ka ce mini kai ne. Ka san maƙwabcina da aka kama yana wanke wa matarsa tukwane? Har yau in ya zo majalisa, mijin-ta-ce yara ke kiransa!"

Umma ta taɓe baki. "Allah Ya kiyaye. Ni ban haifi irin wannan ba."

Auta ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya dubi ƙasa.

"Ita ce mana... ita ta gasa."

"To alhamdulillahi, ashe jiki ya yi sauƙi!" in ji Umma. "Da ma na ce kwanciyar nan ta yi yawa. Mu da muka haife ku, da tsohon ciki muke aikinmu. Ce mata ta taso ta ɗora mana na rana, na kwana biyu ban ci girkin surukata ba."

Ƙofar ɗakin a buɗe take, Malama ta ji komai. Ta fito a hankali tana dafa bango, ta durƙusa da ƙyar ta gaida Umma. Sau ɗaya ta kalli mijinta. Ba harara ba ce, jira take ya yi magana. Bai yi ba. Ta miƙe ta shige kicin.

Yana zaune yana jin ƙarar wuƙa a kan katako, yana jin an kunna gas, yana jin Yaya Babba na ba da labarin motarsa. Yana cikin ce wa kansa yanzu zan tashi, yanzu zan tashi, sai ƙarar faɗuwar tukunya ta cika gidan.

A ƙasa ya same ta, tumatir ya watse a gefenta, idanunta a lumshe.

"Malama! Malama! Yaya, kawo mota!"

A asibiti aka wuce da ita emajensi. Da likita ta fito, ta nufi Auta kai tsaye.

"Ba kai ka ce za ka dafa mata ba? Wa ya tsayar da ita a gaban wuta? Saura kaɗan ka rasa su duka biyun!"

Umma ta juyo. "Ya dafa mata? Wane ne zai dafa?"

Nan, a gaban nas-nas da masu jinya, Auta ya durƙusa hawaye na zuba. "Umma, ni ne. Burodin ni na gasa. Tun da aka kwantar da ita ni nake girki. Kunyarku na ji na yi ƙarya, ita kuma ta tashi don ta rufa mini asiri."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai. Umma kuwa ta kalli Auta, ta gyara mayafi ta ce wa Yaya Babba, "Kai ni gida," ta fice ba ta waiwayo ba.

Da Malama ta farfaɗo ta juya fuskarta bango. Ya zauna a bakin gado ya rasa ta inda zai fara.

"Don Allah ki yafe mini."

"Faɗuwar ba ta yi mini ciwo ba, Injiniya," ta ce murya ƙasa-ƙasa. "Duk lomar da ka ba ni, alfahari nake da ita. Ashe kai abin kunya ka ɗauke ta. In kula da ni abin ɓoyewa ne, ni ɗin mece ce a wajenka?"

Sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta miƙo hannu ta dafa kansa. "Ya isa. Je ka dafo mini wani abu, na asibitin nan gishiri ya yi masa yawa."

Kwanakin da ta yi a kwance, kullum yana hanya da kular abinci. Matar da ke gadon kusa ta tambayi wa ke yi wa Malama wannan farfesun kifi, ya ce, "Ni ne." Matar ta ce Allah Ya yi albarka, ta nemi a ɗan zuba mata. Abin da ya yi ta gudu ke nan, ashe iyakarsa ke nan.

Umma ce ba ta kira ba, in ya kira ba ta ɗauka. Wannan ya dame shi ƙwarai, amma ya haƙura, ya ci gaba da aika mata gaisuwa ta bakin Yaya Babba.

Ana gobe za a sallamo Malama, yana kicin da rana yana soya albasa, ya ji motsi a bayansa. Umma ce tsaye a bakin ƙofa. Ya saki ludayin zai durƙusa.

"Tashi, albasarka za ta ƙone." Ta matso ta leƙa tukunyar. "Ba fushi da kai ya hana ni zuwa ba, Auta. Kunya ce. Da bakina na tayar da yarinyar nan daga gadonta. Da wani abu ya same ta, ina zan sa kaina?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Matsa in taya ka."

Ta karɓi ludayin ta juya, hannunta ya kai kan robar gishiri. Auta ya riƙe hannun a hankali.

"Umma, ban da wannan."

"Miya babu gishiri? To me za a ci?"

"Bari in nuna miki."

Ta tsaya tana kallon ɗanta yana kankare citta. Da ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. "Ba laifi," ta ce, ta ɗebi cokali na uku.

Washegari da kanta ta je ta ɗauko surukarta, ta riƙe hannayenta ta roƙi gafara, suka yi kuka tare. Ba a daɗe ba Malama ta sauka lafiya, ta haifi 'ya mace, 'yar ƙarama amma mai ƙarfin murya. Gidan bai koma kan leda da gwangwani ba. Da ta warware, su biyun ke shiga kicin, ɗaya na yanka ɗaya na juyawa, Umma na falo da jika a cinya tana tambayar yaushe za a sauke.

Hidimar da mutum zai yi don lafiyar iyalinsa ba ta rage masa daraja, namiji ne ko mace. Abin da ya cancanci a ji kunyarsa shi ne ka bar wanda ke sonka ya cutu saboda tsoron bakin mutane. Auta ya gane haka da tsada, amma ya gane da sauran lokaci, kuma haƙurin Malama bai faɗi ƙasa banza ba.