Asabar Ɗin Da Yelwa Ta Bi Mijinta Daji

Yelwa tana durƙushe a tsakar gidansu na Ƙofar Ran tana wanke takalman kambas na mijinta, ruwan yana fita jawur da ƙasar daji. Abdulsalami akawu ne a ofishin safiyo, masu awon ƙasa, na Bauchi. Wata bakwai ke nan, da an tashi aiki ran Asabar sai ya rataya jaka da gorar ruwa ya fice, ba a ƙara ganinsa sai Lahadi da la'asar. In ta tambaya, ya ce hawan duwatsu yake zuwa.

Surukarta, Inna Khadijatu, ta leƙo daga ɗaki.

"A yi ta wanki! Namijin da ya sami kwanciyar hankali a ɗakinsa ba ya kwanan daji. Ke dai kin san abin da kike masa."

"Wallahi Inna, ban yi masa komai ba."

"Yo wadda ubanta ma ya juya mata baya, wa zai iya da ita?"

Yelwa ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga cikin kwatarniya. An taɓa mata ciwon da ya fi kowanne. Mahaifinta Hammajoda makiyayi ne. Da ƙaninsa da ya riƙe ta a gari ya aurar da ita ga wanda take so, tsohon ya ce ɗan bokon da bai san hanyar ruga ba ba surukinsa ba ne. Bai zo ɗaurin aure ba, ya kuma tashi da shanunsa bai faɗi inda ya nufa ba. Shekara biyu ke nan. Duk sanda mai tallan nono ta yi sallama, sai Yelwa ta tsaya tana kallon ƙwaryar.

Da Abdulsalami ya dawo daga masallacin Juma'a ya tarar da idonta ya kaɗa.

"Malam, gobe ma tafiya za ka yi? Ranar da ƙasa za ta sami mulkin kai, kowa yana gida da iyalinsa?"

"Gobe ma, Yelwa. Amma wannan wikend ɗin tare za mu."

"Matar aure a kan dutse?" in ji Inna. "Yau na ji abin da ya fi ƙarfina!"

"Sori Inna, ki yi haƙuri. Sau ɗaya ne."

Da sassafe suka fita, gari yana ta kiɗa, 'yan makaranta suna jere da ƙananan tutoci masu kore da fari. Suka bar hayaniyar a bayansu, suka bi ta gonakin Miri inda dawa ta fi mutum tsawo. Damina tana ban kwana, ciyawa har gwiwa, raɓa ta jiƙa mata bakin zane. Suka tsallake rafi, suka kama hawa. Yelwa tana haki, amma ƙanshin ɗanyar ciyawa da kashin shanu ya koma da ita ƙuruciya, lokacin da Baffanta Hammajoda yake saɓa ta a wuya yana yi wa garke fito.

"Yanzu ko yana raye ko ya mutu, ban sani ba," ta ce.

Abdulsalami ya miƙa mata gora, ya ci gaba.

Da suka kai ƙololuwa, ta waiwaya ta ga Bauchi can ƙasa, 'yar mitsitsiya. Ta juya ɗaya gefen, sai ga bukkoki biyar a kwari da fararen shanu. Wani fito ya taso, dogo, mai karyewa a ƙarshe. Ta dafe ƙirji.

"Malam! Wannan fiton..."

"Shi ne. Aikin awon ƙasa ya kawo ni nan na gan shi. Tun daga ranar nake zuwa."

"Ka ɓoye mini?"

"Wata uku ko sallamata bai amsa ba, a gindin tsamiya nake kwana. Da na gaya miki, da kullum sai na dawo miki da sabon kuka. Na bi shanu, na ɗebo ruwa, har na koyi tatsa, suna ta yi mini dariya. Makon jiya ne ya ce in zo da ke."

Ba ta jira sauran ba. Ta gangara tana tuntuɓe, mayafi yana sarƙewa a ƙaya, ta zube gaban wani tsoho da ya rataya sanda a kafaɗa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat.

"Baffa, ka yafe mini!"

Hammajoda ya kau da kai ya kalli shanunsa, ya daɗe. Bai kira sunanta ba, don 'yar fari ce. Amma ya ɗora hannunsa a kanta.

"Tashi. Ni ya kamata a yafe wa. Na yi wa mutum hukunci da wandonsa na bature, ashe ƙafarsa ta fi ta samarinmu nisa." Ya dubi Abdulsalami da ya tsuguna can nesa. "Kai kuma matso, ka daina zaman baƙi."

Suka kwana a ruga. Ran Lahadi tsohon ya rako su da kansa har Ƙofar Ran. Da Inna Khadijatu ta ji labari, ta rufe fuska da mayafi ta kama hannun Yelwa.

"Na cuce ki da bakina, 'yar nan. Ki gafarce ni."

"Ya wuce, Inna."

Da Yelwa ta biye wa zugar baki ta yi yaji, ko Abdulsalami ya yi zuciya tun a wata na farko, da zumuncin nan ya tsinke har abada. Iyaye ko sun yi fushi, ba a rama musu da fushi. Ana yi ta zuwa ne, ana gaisuwa, har Allah Ya sauko da zuciyarsu.