Mai Saye Ba Ya Yabon Kaya

Sarƙar ta tsinke daidai lokacin da liman ya shiga huɗuba ta biyu.

Injin ya zame daga bakin akori-kurar, ya sauka da gefe guda a kan ƙafar Auwal. Auwal ya wage baki zai kurma ihu, Lado ya cusa masa hula a ciki.

"Ka mutu a hankali, mutane suna ibada," in ji Lado, shugabansu, bindiga soke a ƙugunsa. "Yahya, kama nan. Ɗaga!"

Yahya ya kama. Shi ba ƙarfi gare shi ba. Dillalin babura ne a da, baki ne jarinsa, kuma don bakin aka sa shi a harkar. Amma yau Juma'a ce, duk Makarfi tana masallaci, lasifika tana ta aiki, kuma da an sallame titin nan zai cika da mutane. A kusurwar shagon tsohon maigadi yana ɗaure da bel ɗin inji, yana jero musu tsinuwa tun daga kakanninsu.

"Allah ya ƙara wa liman tsawon numfashi," Yahya ya ce, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Shagon na Malam Usmanu ne, mai feƙe ƙarafan injin matse rake. Duk mai dafa mazarƙwaila daga nan har Gubuchi wurinsa yake zuwa. Suka tura babban injin feƙe ƙarfen cikin mota, suka bi shi da injin huda, da na walda, da akwatunan katako biyu. Auwal suka jefa a ƙarshe. Ana tayar da iƙama suna hawa kwalta.

Sata ba ta yi wuya ba. Sayarwa ce ta zama aiki.

Kwana huɗu kayan suna jibge a wani tsohon rumbun albasa a bayan Kudan, rufinsa duk huda. Masu sayen ƙarfe a kilo suka yi tayi, Lado ya kusa harbin ɗaya. Daga nan ya juyo kan Yahya.

"Kai ne ɗan boko. Sa shi a waya."

Yahya ya buɗe shafin saye da sayarwa. Ya goge injin da tsumma, ya ɗauke shi hoto ta fuska shida, ya kauce wa gefen da fenti ya kankare. Ya rubuta: injin feƙe ƙarfe, na hannu, lafiya lau, mai shi zai yi tafiya. Sai shafin ya tsaya, ya ce sai an sa farashi.

"To ka ji iskanci," in ji Lado. "Yaushe mai kaya ya fara faɗin kuɗi? Su taya, mu ce albarka."

"Oga, waya ba ta san albarka ba. Lamba take so."

"Sa miliyan goma."

"Wai injin jirgin sama muka sato?"

Yahya ya duba tallan wasu. Na Legas sun sa miliyan huɗu, na Kano uku da rabi, kuma wata shida suna nan ba wanda ya taɓa. Su kuwa ba su da wata shida. Ƙafar Auwal ta kumbura ta yi kamar kabewa, yana zaune yana fasa gyaɗa da wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da ya ciro daga akwatin katako. Yahya ya sa dubu ɗari tara, ya ƙara da cewa akwai ragi.

Kira ya fara shigowa. Wani ya ce injin ya tsufa, ya taya ɗari biyu. Wani ya ce daga hoto ma ya ga ya karkace. Wata mata ta tambaya ko yana niƙa tattasai. Yahya ya saki jiki, don wannan ita ce kasuwar da ya sani: wanda ya kushe kaya shi ke da niyyar saye.

Ran nan da hantsi wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar dattijo ce. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi damina.

"Na ga tallanku," in ji dattijon. "Nawa kuka ce?"

"Ɗari tara, Baba. Amma ka taya."

Dattijon ya ja numfashi mai nauyi.

"Ɗari tara. Wannan injin. Yaro, ka san abin da ke gabanka kuwa? Wannan ba irin gwangwanin yanzu ba ne. Shekara arba'in yana aiki ko gashi ɗaya bai kauce ba. Haƙoransa kaɗai sun fi ɗari tara. Wane jahili ne ya sa masa wannan kuɗin?"

Yahya ya ɗan janye wayar daga kunnensa ya dube ta.

"Kuma a hoto na ga hasken rana yana sauka a kansa. Rufin wurin yana yoyo ke nan. Kun rufe shi da tamfol? Kun shafa masa mai?"

Can bayan muryar, ƙasa-ƙasa, Yahya ya ji wani yana raɗa: "Malam, ragi za ka nema. Ragi."

"Ba zan nema ba," dattijon ya ce, ba da Yahya yake ba. Sannan ya dawo. "Miliyan biyu da rabi. Ƙasa da haka cin mutunci ne. Gobe da safe, bayan tashar Ikara. Ku zo da akwatunan katakon, kada wanda ya taɓa abin awon da ke ciki."

Yahya ya waiwaya. Auwal ya ɗora wata gyaɗar a bakin abin awon, ya murɗa.

Yahya ya kashe wayar. Lado, wanda kalma uku kawai ya tsinta a duk zancen, tuni ya miƙe tsaye.

"Biyu da rabi na ji?"

"Oga, mai kayan ne. Malam Usmanu ne, kuma akwai ɗan sanda a gefensa."

"Ya faɗa maka sunansa?"

"Shekara goma sha ɗaya ina dillanci. Na ga mai saye ya zagi babur, ya zagi mai babur, ya zagi garin da aka ƙera babur. Ban taɓa ganin wanda ya ƙara wa kansa kuɗi ba. Mai saye ba ya yabon kaya. Uba ne kawai ke yabon ɗansa haka."

"Wataƙila mai tsoron Allah ne," in ji Auwal.

"A kasuwa?"

Lado ya matso har Yahya ya ji warin taba. "Na gane ka. So kake mu tsorata, ka koma ta baya ka sayar, ka ci kai kaɗai. To ji nan. Lambar wa ke kan tallan? Taka. Muryar wa suka ji? Taka. In tarko ne, kai zai kama. Gobe kai za ka shiga gaba, mu muna nesa muna kallo."

A nan Yahya ya san matsayinsa. Akuyar da ake ɗaure wa kura ce shi. Ya sunkuyar da kai kamar ya karaya, ya bar dillalin da ke cikinsa ya yi aiki.

"Shi ke nan, Oga. Ni zan karɓa. Dama a ƙa'ida dillali ke riƙe jakar, ya cire la'adarsa, sannan ya kawo wa mai kaya saura. Ku jira ni a hanyar Janfalan, ba zan daɗe ba."

Ya ga maganar ta shiga. Idon Lado ya ƙanƙance.

"Kai da jakar miliyan biyu da rabi, a kan babur, mu muna jira a hanyar Janfalan." Ya yi dariya. "Uwata ba ta haifi wawa ba. Kawo wayar. Gobe ni ne Yahya."

Washegari Yahya yana tsugune wurin mai rake, tsallaken titi, babur ɗinsa na fuskantar gabas. Akori-kurar ta tsaya bayan tasha, Auwal a gaba, Lado ya fito da babbar riga ta aro, wayar Yahya a hannu. Masu faci uku suna aiki a gefe, kuma duk ukun takalminsu baƙi ne mai igiya, irin na 'yan sanda.

Ko alamar da 'yan sandan suka shirya da mai sayen ba a kai ga bayarwa ba. Wani ɗan siririn dattijo ya ɓullo daga bayan wata bas, ya wuce Lado kamar bai gan shi ba, ya haye motar, ya yaye buhunan da aka rufa. Ya shafa injin, ya duba tafinsa. Ja.

"Tsatsa," ya ce. "La'anannu, kun bar shi ya yi tsatsa!"

Lado ya kai hannu cikin riga. Babbar riga ba kayan aiki ba ce, bindigar ta sarƙe a aljihu. Masu faci suka watsar da tayoyi, suka zaro bindigogi. Harbi ɗaya, biyu. Lado ya zube, gwiwarsa ta tashi daga aiki. Auwal ya buɗe ƙofa zai gudu, ya tuna ba shi da ƙafar gudu, ya koma ya zauna ya ɗaga hannu.

Yahya ya biya kuɗin rakensa, ya tayar da babur a hankali.

Abin da harkar ta bari ke nan. Lado ya rasa gwiwa, Auwal ya rasa yatsun ƙafa uku, su biyun suna jiran alƙali. Yahya ya tsira da fatarsa kawai. Layin wayar da sunansa aka yi rajista, don haka Kudan, garinsu, ta haramta gare shi, matarsa Zulaihatu ta kwashe kayanta ta koma gidansu. Ya ɓuya a gonar kawunsa a Gubuchi, yana juya ruwan rake a kan wuta, hayaƙi na cin idonsa, ana kiransa da sunan da ba nasa ba.

Sati na uku, da la'asar, wata baƙar mota ta gangaro ta cikin rake ta tsaya. Wata mata ta fito, doguwa, da gilashi, ba ta yi sallama ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa kamar mai duba babur.

"Ka fi haka kyau a hoton da ke ofishin 'yan sanda," ta ce. "Ajiye muciyar, Yahya. Ina da tarakta biyu marasa takarda, kuma an ce ka iya sa farashi."