Sawun Tsuntsu a Wuyan Riga

Ruwan datti ne ya tarbi Mai Ɗinki a ƙofar shagonta da safiyar Litinin, an kwara shi tun daga kan kwaɗo har dokin ƙofa, a jikin ƙyauren kuma an rubuta da gawayi: YAYAR MAROWACI. Ta tsaya riƙe da makulli... Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Karo na huɗu ke nan a wata ɗaya. Ta sunkuya ta ɗauki tsumma tana gogewa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta, 'yan layin kasuwa kuwa kowa ya kawar da kai kamar bai gani ba. Laifinta ɗaya ne a duniya, mai karatu: ita ce yayar Bahago, ɗan ƙwallon nan da ƙafarsa ta hagu ta kai shi ƙasashen waje, wanda aka ce abin da yake samu a mako ɗaya ya isa ya sayi layin kasuwar da mutanen cikinsa.

Shagon Mai Aski, wanda ke jikin nata, nan ne majalisar da ake yanka Bahago kullum ba wuƙa. Ta bango take jiyo komai. "Ku dubi 'yan wasan mutane!" Mai Aski zai ce, yana ɗaga waya sama, ya bar kan mutum rabi a aske. "Wannan buhu dubu ya raba, ga hoto! Wancan asibiti ya gina, ga sunansa a bango! Namu fa? Ko ƙwallon roba bai taɓa aiko wa yaran unguwa ba. Ƙafar ce kawai ke bayarwa, hannun a dunƙule aka haife shi!" Sai a kwashe da dariya. Abin haushin, bakunan nan da ke tsine masa ranar Litinin su ne ke ihun "Ɗanmu! Ɗanmu!" ranar Asabar idan ya ɗauko ƙwallo. Mutane ke nan, sai dai a bar su.

Da sun san abin da ke bayan labulen shagon nan, da kunya ta kashe su. Shekaru ashirin baya, Mai Ɗinki da ƙaninta marayu ne a gidan haya mai ɗaki tara da igiyar shanya ɗaya. Don kada kayansu su ɓace a cikin na maƙwabta, Innarsu takan yi ɗinki uku da koren zare a cikin wuyan kowace riga, guda a tsakiya, biyu a gefe, kamar sawun tsuntsu a yashi. Wata rana wani attajiri ya tara marayun makarantarsu, aka jera su cikin rana awa uku, aka miƙa wa kowa riga ana ɗaukar hoto, aka manna hotunan a bangon makaranta. Shekara guda yara na kiran Bahago "ɗan sadaka", har ya daina cin abinci. Ranar da Inna za ta cika ta kamo hannayensu biyu ta ce, "In Allah ya ba ku, ku suturta maraya, amma kada ku bari ya san hannun da ya ba shi, kada ku bari a nuna fuskarsa." Suka yi mata alkawari suna kuka.

To, Allah ya ba su. Shekara biyar ke nan Bahago na aiko da kuɗin yadi, ita kuma tana shigewa bayan labule ta ɗinka kayan makaranta na marayun unguwanni bakwai, riga da wando, riga da siket, har idanunta suka fara dushewa. Abin da yake aiko mata don kanta ma yadi take ƙarawa da shi. Ya yi magiya ta koma babban gida ta huta, ta ce ita da shagon Inna sai mutuwa. Kowace riga ta gama kuma, sai hannunta ya kai ga koren zare da kansa, ta yi sawun tsuntsun nan a cikin wuya, kamar yadda ta ga uwarta na yi.

Kuskurenta ɗaya shi ne Kawu, ƙanin Innarsu, mai tsohuwar motar ɗaukar kaya. Ta roƙe shi ya riƙa kai kwalayen makarantu ya ajiye ya juyo ba tare da ya ce uffan ba. Shekarar farko ya yi hakan. A ta biyu ya lura ana ta shi wa mai kyautar albarka ba a san ko wane ne ba, sai ya gyara hula ya yi murmushi ya ce, "Ai abin ba yawa." Shi ke nan! Kafin a ce me, ya zama Uban Marayu. Ya ce daga wani kamfani a ƙetaren teku yake yo odar kayan. Ya buɗe asusun neman taimako, ya sayi sabuwar mota, ya fara jera yaran cikin rana yana ɗaukar hoto da su. Don kada wani ya waiwayi Mai Ɗinki kuma, sai ya baza cewa Bahago na aiko da ɗan abin da zai raba wa unguwa, yayarsa ce ke lamushewa, tana yawo da tsohon takalmi don ta rufe idon jama'a.

"Kawu, ka ji tsoron Allah!" ta ce da shi ranar da ta ga hotunan, ta durƙusa a gabansa. "Ka riƙe sunan, na bar maka, wallahi ba na so. Amma ka daina nuna fuskokin yaran nan. Wasiyyar 'yar'uwarka ce!"

Ya karkaɗe babbar rigarsa ya ce, "To fita ki faɗa mana. Ki ce ke ce. Ki karya alkawarin uwarki tana kabari, in gani."

Ta yi tunanin daina ɗinkin, sai ta tuna ranar komawa makaranta yara ɗari uku za su wayi gari ba riga. Ta koma kan keke tana taka shi tana kuka.

Daga nan masifa ta riƙa zuwa wata na bin wata. Masu kawo ɗinki suka kwashe yadukansu. Mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofarta. Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne na Mai Wanki, wata bazawara da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, wadda ta tare ta a tsakiyar layi ta nuna ta da yatsa. "Ke ko kunya ba kya ji? Ba don Uban Marayu ba da 'yata tsirara za ta je makaranta! Ku ci, ku ƙoshi, Allah ya isa tsakaninmu da ku!" Yarinyar na tsaye a gefe sanye da rigar da Mai Ɗinki ta soke yatsa wajen sa mata maɓalli. Wayyo! Mai Ɗinki ta dubi yarinyar. Ta ce kawai, "Allah ya raya miki ita."

Ranar Laraba Shugaban 'yan kasuwa ya kira ta. Ya ce jama'a sun kawo ƙara, ba sa son zama da mai cin haƙƙin marayu, don haka zuwa yammacin Asabar ta miƙa makulli, za a ba Kawu shagon ya yi ofishin taimako. Shagon Inna! Inda aka yaye Bahago a ƙarƙashin teburin yanka! Da ƙanin nata ya kira ta a waya ranar Juma'a, ta share hawaye ta gyara murya. Gobe ne wasan ƙarshe na cin kofi, kuma bai daɗe da tashi daga ciwon gwiwa ba, ina za ta ɗora masa wannan?

"Yaya, muryarki ba daidai ba. Lafiya?"

"Mura ce, ɗan Inna. Kai dai ka buga da kyau, ina yi maka addu'a."

Asabar ta zo da hayaniya. Aka kafa ƙaton allon kallo a filin da ke gaban layin, maza da mata suka cika maƙil, har da masu hawa rufin shaguna. Kawu ya hakimce a kujerar gaba, ya jero marayu arba'in cikin kayan makarantarsu don hoton karɓar makulli. Mai Ɗinki kuwa tana ciki tana ɗaure zarurruka a buhu, tana jiyo ihu. Aka je hutun rabin lokaci ba ci. Aka dawo, aka yi ta gumurzu, saura minti biyu a tashi... sai Bahago ya karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili! Ya yanke na farko! Ya zubar da na biyu! "Ɗanmu! Ɗanmu!" Mai Aski ya haye benci yana tsalle. Ya ɗaga ƙafar hagun nan ya narka... raga! Filin ya kaɗa, kujeru suka kife, tsofaffi suka rungumi juna, ita ma ba ta san sanda ta fito bakin ƙofa da almakashi a hannu ba.

A kan allo, Bahago ya ruga kusurwar fili ya durƙusa, ya ɗage rigarsa. A ƙirjin singiletinsa an ɗinke wani ɗan tsohon ƙyalle da ya koɗe, wuyan rigar makarantarsa ta yarinta. Ya kamo shi ya sumbata yana kuka yana nuna sama. Mai ɗaukar hoto ya matso da shi har ya cika allon: ɗinki uku na koren zare, guda a tsakiya, biyu a gefe.

Wata ƙara ta tsaga ihun. Mai Wanki ce! Macen da ke juya riga ciki waje kullum kafin ta sa sabulu, ai ba a ɓoye mata ɗinki. Ta fizgo 'yarta ta juya wuyan rigar. "Jama'a! Jama'a ku tsaya! Ku duba nan!" Ta kamo yaro na gaba ta juya... kore! Na gaba... kore! Iyaye suka rufa a kan 'ya'yansu, kowa na juya wuyan riga yana salati. Arba'in cif, ba wadda babu sawun tsuntsu!

Shugaba ya juyo a hankali. "Uban Marayu, kamfanin nan naka na ƙetaren teku, shi ya ɗinka wa Bahago riga yana ɗan firamare?"

Kawu ya miƙe, zufa ta wanke masa fuska. "Ai... ai tambarin kamfanin ke nan... dama haka suke..."

"Ƙarya kake yi!" Mai Wanki ta daka masa tsawa. Ta ratsa taro da gudu, ta faɗa shagon Mai Ɗinki, ta yaye labulen baya. Ga riguna nan jibge har rufi, wasu an yanka, wasu an haɗa, ga ƙulli-ƙullin koren zare a kan keke. Mai Wanki ta zube a ƙasa ta kama ƙafafun Mai Ɗinki tana rusa kuka. "Ni na tsine miki... da rigarki a jikin 'yata na tsine miki! Ki yafe mini don Allah, ki yafe mini!"

Ana cikin haka wayar Mai Ɗinki ta yi ƙara, kiran bidiyo. Bahago ne, da kofi a hannu, yana haki yana dariya. "Yaya! Kin gani? Na Inna ne!" Sai ya hango taron da rubutun gawayin da bai gama fita daga ƙyaure ba, dariyar ta ɗauke. Shugaba ya karɓi wayar ya zayyana masa komai. Gwarzon da ya girgiza duniya minti goma da suka wuce ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Yaya, shekara nawa kina shan wannan ke kaɗai? Mura kika ce mini! Ni yadi kawai nake saya, jama'a. Idonta ta ba 'ya'yanku!"

Kawu ya so sulalewa ta bayan allo, matasa suka cafke shi. A ranar hukuma ta tafi da shi kan asusun ƙaryar da ya buɗe, aka karɓe sabuwar motar, hularsa ta faɗi a kwata ba wanda ya ɗauka. Mai Aski kuwa da kansa ya ɗebo ruwa da sabulu ya durƙusa yana wanke ƙyauren, yana cewa, "Ni dama tun farko na ce yaron nan ɗan albarka ne." Matar da ke kusa ta ce, "Rufe mana baki ka goge da kyau!" Aka yi dariya cikin hawaye.

Shugaba ya ce, "Baiwar Allah, riƙe makullinki, shago naki ne har abada. Faɗi abin da kike so mu yi miki, ko allo ne mu kafa da sunanku."

Ta girgiza kai. "Kada ku rubuta sunan kowa. Ku dai sauke hotunan yaran nan daga bango, ku goge su daga wayoyinku. Wannan kaɗai Inna ta roƙa."

Nan take aka shiga yage hotuna, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa yana gogewa. Ita kuma ta koma ciki ta kwance buhun da ta ɗaure, don saura kwana tara a koma makaranta, riga sittin ba a gama ba. Ta ɗauki allura ta kai koren zare, ta kuskure, ta sake, ta kuskure, idon ya ƙi. Sai ta ji an zare allurar daga hannunta a hankali. Mai Wanki ce ta zauna kusa da ita, ta lashi bakin zaren ta zura, ta jawo riga ɗaya kan cinyarta.

"Yaya," ta ce, "nuna mini yadda Inna take yi."