Katantanwa a Wuyan Shetu

Ranar Litinin, goma sha biyu ga Oktoba, 1959, aka yi wa Shetu rashin adalci a wata makaranta da ke Yendi. Wani yaro ɗan aji huɗu ne ya fara abin.

Yaron ba mugu ba ne. Yana gaida manya. Yana wanke rigar makarantarsa da kansa. Amma tun da aka naɗa shi monita, kansa ya ɗan kumbura.

A makarantar akwai doka. Turanci kaɗai ake yi, ba Hausa, ba Dagbanci. Akwai wata babbar katantanwa da aka huda, aka zura mata igiya. Duk wanda aka ji yana yaren gida, a wuyansa ake rataya ta. Wanda aka tashi tana wuyansa, shi ke share fili bayan kowa ya tafi.

Monita ne ke riƙe katantanwar kowace safiya. Yaron yana son wannan aiki ƙwarai. Ko raɗa aka yi a bayan aji, sai ya ji.

Shetu sabuwa ce a ajin. Daga Salaga suka taso, ita da uwarta, Mma Amamatu, mai sayar da koko a bakin zango. Shetu ba ta da surutu. Kusa da taga take zama.

A safiyar nan Ticha Mashud ya shigo da bulala a hammata. Lokacin yin lissafi da ka ne. Kowa zai miƙe tsaye. Ticha zai jefo tambaya, amsa ta fito nan take.

Ticha yana bin layi, yana matsowa wajen taga. Sai yaron ya ga Shetu ta dafe ƙirji. Gumi ya keto mata. Tana numfashi sama-sama, kamar wadda ta yi gudu.

Sai ta zauna, ba wanda ya ce ta zauna. Ta ɗora hannu a ciki. Tana hura iska ta baki a hankali. Leɓunanta suna motsi.

Yaron ya kasa kunne.

"Ga allo," in ji Shetu can ƙasa-ƙasa. "Ga alli. Ga darbejiya a waje. Ga ƙadangare a kan katanga. Zai wuce. Kullum wucewa yake yi."

Hausa ce zalla. Yaron ya yi wuf ya tashi, ya rataya mata katantanwar.

"Na kama ki," ya ce da Turanci.

Aji ya fashe da dariya. Maganar Shetu ta yanke. Ta kama igiyar da hannu biyu, kamar ita ce ta shaƙe ta.

"Wadda ke da numfashin yin Hausa tana da numfashin yin lissafi," in ji Ticha Mashud. "Ƙarya kike yi. Tashi."

Shetu ta fita da gudu, ta durƙusa a gindin darbejiya. Ta daɗe a can. Da aka tashi, ita kaɗai ta share filin, katantanwa tana lilo a ƙirjinta.

Washegari ba ta zo makaranta ba. Har mako ya ƙare, kujerar kusa da taga babu kowa.

Yaron yana zaune ne da kakansa, Tsohon Ticha Alidu. Kaka ya daɗe da barin aiki, amma bai bar gyara mutane ba. Ko mai shelar gari ya yi kuskure, sai ya tsayar da shi. Tabaransa a ɗaure yake da zare a gefe ɗaya.

Ranar Asabar da safe yaron ya kawo masa koko.

"Ranka ya daɗe, Monita," in ji Kaka cikin tsokana. "Yau wa ka kama? Akuyar maƙwabta ta yi kuka da Dagbanci?"

"Kai, Kaka. Yau ai babu makaranta."

"To, na ga wata 'yar ajinku tana wanke kwanukan koko ranar Alhamis, lokacin karatu. Lafiya?"

"Shetu ce. Ta daina zuwa. Ƙaryar ciwo ta yi don ta guje wa lissafi. Ni na kama ta."

Kaka ya dube shi ta saman tabarau.

"Me ta ce da ka kama ta? Faɗa mini yadda ta faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Yaron ya maimaita masa. Allo, alli, darbejiya, ƙadangare, zai wuce.

Kaka ya ajiye ludayi.

"Na koyar da yara har gemuna ya yi fari," ya ce. "Mai gudun lissafi cewa yake cikinsa na ciwo. Ban taɓa ganin wanda ya kira ƙadangare ba. Ka tambaye ta abin da ke damunta?"

"A'a."

"Ticha ya tambaya?"

"A'a."

"Ɗauko mini sandata."

Suka iske Mma Amamatu tana kwashe sauran ƙosai. Shetu tana gefe da tukunya. Da ta ga yaron sai ta kau da kai.

"Sannu da zuwa, Baba Ticha," in ji Mma Amamatu. Ta ba shi kujera.

Bayan gaisuwa, Kaka ya tambayi abin da ya faru.

"Tun ranar da mota ta faɗi da mu a hanyar Salaga abin ya same ta," in ji Mma Amamatu. "Ba ta ji rauni ba, amma tsoro ya zauna mata. Na kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce zuciyarta lafiya lau. Ya ce firgici ne ke taso mata ba zato."

"Yaya kike ji in ya zo, 'yata?" Kaka ya tambayi Shetu.

"Zuciyata ce ke bugawa kamar ganga," in ji Shetu. "Iska ta ƙi shiga. Sai in ga kamar mutuwa zan yi."

"To, me kike yi?"

"Wata nas ce ta koya mana. In zauna. In sa hannu a ciki. In hura iska a hankali, kamar ina hura koko mai zafi. Sannan in riƙa faɗin abin da nake gani. Sai ya sauka da kansa."

Yaron ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Me ya sa ba ki faɗa da Turanci ba?" ya ce a hankali.

Shetu ta dube shi.

"In abin ya zo, Turanci guduwa yake yi. Hausa kaɗai ke tsayawa da ni."

"Na ce ta zauna ta taya ni aiki," in ji Mma Amamatu. "Ba zan tura 'yata inda ake rataya mata igiya tana neman numfashi ba."

"Ina son makaranta, Mma," in ji Shetu. Idonta ya cika da hawaye.

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Shetu."

"A'a," in ji Kaka, ya buga sanda a ƙasa. "A nan aka yi mata dariya? A bayan tukunyar koko? A gaban jama'a aka yi, a gaban jama'a za a ba da haƙuri. Amamatu, ki ba ni aron ta ranar Litinin. In ba a gyara ba, ni da kaina zan dawo miki da ita."

Ranar Litinin Kaka ya sa rigarsa ta saƙi. Ya riƙe Shetu a hannu ɗaya, jikansa yana biye. Shugaban makarantar, wanda yara ke kira Masta, tsohon ɗalibin Kaka ne. Yana hango shi ya gyara tsayuwa. Suka yi magana a gefe, Masta yana ta gyaɗa kai.

Aka buga ƙararrawa. Yara suka jeru a fili. Masta ya ce monitan aji huɗu yana da magana.

Yaron ya hau kan dakali, katantanwa a hannunsa. Ya ɗaga kai. Idanun makaranta duka suna kansa.

Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Zuciyarsa ta fara dukan ƙirjinsa. Yatsunsa suka yi sanyi. Ya ja numfashi, iska ta tsaya a maƙogwaro. Ya sake ja da sauri, abin ya ƙaru. Fuskokin yara suka fara juyawa. Duk Turancin da ya shirya ya watse.

"Mutuwa zan yi," ya ce a ransa.

Wani yaro ya fara dariya. Kaka ya juya ya dube shi ta saman tabarau. Dariyar ta koma ciki.

Sai ga Shetu ta fito daga layi. Ta tsaya a gabansa, ta tare masa idanun mutane. Ta yi magana da Hausa, a gaban Masta da dukan malamai.

"Zauna. Ba mutuwa za ka yi ba. Na san shi."

Ya zauna a bakin dakali.

"Sa hannu a ciki. Ga koko a gabanka, da zafi. Hura."

Ya hura da ƙarfi.

"A hankali mana, za ka zubar. Ja iska ta hanci. Yawwa. Yanzu hura, ka daɗe kana hurawa."

Ya hura. Ya sake hurawa.

"Me kake gani?"

"Ga tuta," ya ce da ƙyar.

"Sai me?"

"Ga ƙararrawa. Ga darbejiya." Ya haɗiye yawu. "Ga zaren tabaran Kaka."

"Me ƙafarka ke takawa?"

"Tsakuwa."

Ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki. Sai ya tuna ana kallonsa, abin ya sake tasowa. Ya kama hannun rigar Shetu.

"Ya dawo."

"Haka yake yi. Kada ka yi kokawa da shi. Ci gaba da hura kokonka. Zai wuce."

Ya ci gaba. Sannu a hankali bugun zuciyar ya ragu. Iska ta fara shiga har ciki. Ya share gumi da bayan hannu. Sai ya miƙe.

Ya dubi Masta. "Ranka ya daɗe, zan iya faɗa da Hausa?"

Masta ya dubi Kaka, sannan ya gyaɗa kai.

"Shetu ba ƙarya ta yi ba," in ji yaron. "Abin da kuka ga ya same ni yanzu, shi ya same ta. Tana neman numfashi, ni kuma na rataya mata wannan. Ban tambaye ta ba. Na sa kuka yi mata dariya. Shetu, ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Shetu. "Amma kana hura koko kamar maƙeri."

Yara suka yi dariya. Wannan karon har da yaron.

Ya miƙa wa Masta katantanwar. Masta ya ce daga yau ba za a rataya ta a wuyan mai neman taimako ba, ko da wane yare ya nema. Ya ce monita zai share fili har ƙarshen mako. Yaron ya ce ya yarda.

Kaka ya tako gaba da sandarsa.

"Yara, ku riƙe wannan," ya ce. "In firgici ya taso muku, ku zauna. Ku yi numfashi a hankali. Ku faɗi abin da kuke gani. Yana wucewa. Daga baya ku gaya wa babba, kada ku ɓoye. In kuma kun ga ya kama wani, kada ku yi dariya, kada ku ce ƙarya ce. Ku tambaya, ku zauna kusa da shi."

Yaron ya ɗauka an gama. Amma Kaka bai koma ba. Ya gyara tabarau, ya juya wajen malamai.

"Jikana ya sauke nasa nauyin. Ticha Mashud, kai ma a gaban yara ka ce ƙarya take yi. Ga yaran, ga Shetu. Muna saurare."

Ticha Mashud ya dubi bulalar da ke hammatarsa. Ya jingine ta a bango, ya tako har gaban Shetu.

"Na yi kuskure, 'yata," ya ce da Hausa. "Ki yi haƙuri. Kujerarki tana nan kusa da taga."

Shetu ta yi murmushi, ta koma layin aji huɗu.