Sunan Da Na Zuba Da Fenti

"Goge shi!"

Da wannan matata ta tarbe ni, ko sallamata ba ta amsa ba. Ga ni tsaye a bakin ƙofa rungume da gadon jariri na katako, gumi har cikin ido, ina jiran a ce sannu da ƙoƙari.

"Zumata, me za a goge? Fentin ma bai gama shan iska ba..."

"Na ce ka goge shi!"

Bari ku ji tushen maganar. Ni mai rubutun alluna ne, duk wani shagon aski ko na ɗinki a layinmu hannuna ne a goshinsa. Allah ya ba mu 'ya mace, gobe za a sa mata suna. Na farko babu gardama, sunan Mamata ne. To amma wa zai buɗe baki a gidan nan ya kama sunan Mama gatsau, ya ce zo nan, ko sauka daga kan tebur? Dole a haɗa mata da na biyu, shi za a riƙa kira kullum.

Matata ta ce in bari mu zauna mu yi shawara. Ni kuwa ƙafata ba ta san zama ba. Na ji wata mata a kasuwa tana ƙwala wa 'yarta kira, sunan ya yi mini daɗi, na jera shi da na Mama na ji sun zauna daram. Sai shago! Na zuba su a jikin gadon, ruwan hoda da ratsin zinare, har da fure a gefe.

Yayata tana zaune a kan tabarma tana ninke kayan jaririya. Ta leƙo ta karanta, sai ta tuntsire da dariya.

"Auta, ka haƙa ramin da ya fi tsawonka."

"Wai me na yi ne? Sunan ba daɗi?"

Matata ta gyara riƙon jaririyar, ta watso mini wani kallo mai ƙona gashin gira.

"Sunan budurwarka za ka liƙa wa 'yata?"

"Wace budurwa kuma?"

"'Yar Kwalisa!"

Gadon ya kusa suɓuce mini. 'Yar Kwalisa wata mai sayar da turare ce da na yi ta bi kafin aure, ta yar da ni ranar da mai mota ya danna mata hon.

"Haba Zumata! Ai ita sunanta 'Yar Kwalisa!"

"Uwarta ce ta raɗa mata 'Yar Kwalisa? Ajinmu ɗaya da ita, kujerarta tana gabana. Kullum malam ya kira wannan sunan da ka yi wa fure, ita ke ɗaga hannu!"

"Wallahi tallahi ban taɓa sani ba! In na sani, Allah ya sa burushina ya..."

"Bar rantsuwa, zai iya," in ji Yaya tana share hawayen dariya. "Wannan da kike gani, ko lambar takalminsa bai sani ba."

Na sauke ajiyar zuciya, na ɗauka an wanke ni. Ashe daga tukunya na faɗa wuta.

"Au!" Matata ta miƙe tsaye. "Wato ka yi ta bin yarinya har dugaduganka suka tsage, ba ka san sunanta ba? To ni fa? Zumata, Zumata, safe da rana... ashe nawa ma ba ka sani ba ne kake lulluɓe ni da zuma!"

"Ke kuma ina aka dosa?"

"Gidanmu aka dosa!"

Ta miƙa wa Yaya jaririyar, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fara dura kayan da aka gama ninkewa.

"Gobe sai ka tara mutane ka sa wa gadon katako suna, tunda da shi kuka yi shawara."

"Ranki ya daɗe, uwargida sarautar mata, a yi wa talaka afuwa..."

"Kada ka ba ni dariya, ba wasa nake ba!" Muryarta ta karye. "Ni na ɗauke ta, ni na yi amai har na daina gane ƙamshin abinci, ni na ga mutuwa da idona a ɗakin haihuwa. Abu ɗaya na roƙe ka, mu zauna. Zama kawai! Amma kai da burushinka kuka yanke."

Hawaye suka zubo mata.

"Fita da abin nan," Yaya ta ce a hankali. "Warin fentin ma zai shaƙe yarinya."

Na ja gadon zuwa tsakar gida, na jiƙa tsumma da kananzir na hau gurza. Zinaren ya narke, furen ya koma kamar ciwo. Na bar sunan Mama shi kaɗai, gefensa fili. Na wanke hannu har sau ba adadi, na koma na durƙusa a gaban akwatin.

"Na san sunanki. Duka biyun."

"Ƙarya kake. Na biyun ba wanda ya sani."

"Ranar da na fara zuwa gidanku, da takalmin aro mai cizon yatsa, Baba ne ya fito. Ya dube ni sama da ƙasa kamar an kawo masa akuya mai tari. Sai ya juya ya kira ki da wani suna da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Kika fito da gudu, silifa ɗaya a ƙafa."

Hannunta ya tsaya cak a kan zif.

"Tun da Allah ya yi masa rasuwa ban sake jin an kira shi ba. Ni ma na riƙe shi ne a ciki, tsoro nake in faɗa ki yi kuka."

"Faɗa in ji," ta ce, da ƙyar.

Na faɗa.

Ta zauna daɓas a kan akwatin, ta rufe fuska da gyale. Kafaɗunta suna rawa. Yaya ma ta juya mana baya tana jijjiga jaririyar da ba ta ce komai ba.

"Mugu..." matata ta ce cikin kuka. "Mugun mutum kawai. Shi nake so in ce maka mu sa mata. Shi ya sa na ce mu zauna."

"To ga ni na zauna, har gwiwata ta yi tsami. Burushi ba zai taɓa katako ba sai kin ce."

Ta ja hanci, ta dube ni ta gefen gyalen.

"Ka rubuta. Amma ban da fure, furenka kamar kabeji."

"Kabejin da mai shagon ɗinki ya yaba?"

"Auta, rufe mana baki," in ji Yaya. "Kuma kai za ka sake ninke kayan nan, ni na gama nawa."

Na karɓi 'yata, na kai bakina kusa da ɗan kunnenta, na jera sunayen biyu a zuciya, sannan na kira na biyun a hankali don in ji yadda zai zauna a gidanmu.

Yarinya ko gezau, barcinta take sha.

Uwar ce ta ce "Na'am" kafin ta ankara.