Tsakuwar Tauren Zahara'u

Ranar da Zahara'u ta fara ganin Siddiƙ, taurenta ya kwana biyu yana nishi, fitsari ya ƙi fita. Aka ce likitan dabbobi daga Tambuwal ya shigo kasuwar Kebbe, ta aika a kira shi. Siddiƙ ya zo ya durƙusa ya ɗan yanke tsinin gaban tauren, sai ga tsakuwa kamar ƙwayar dawa ta faɗo, fitsari ya biyo baya. Ita kam, a gaskiya, ba tauren take kallo ba.

"In kin yarda zan tahi da ita," ya ce. "Bincike nika yi a kansu."

"Tsakuwa dai? Ɗauka mana."

Ya ɗauka, ya haɗa da lambar wayarta.

Wata uku ana hira mai daɗi, sai Bube mahauci, wanda ya daɗe yana sonta ba ta kula shi, ya je wajen babanta, Malam Ɗangiwa. Ya ce likitan nan bin mayanka yake yana tara tsakuwar mafitsarar awaki a kwalabe, wa ke wannan in ba mai asiri ba? Malam ya ce kada Siddiƙ ya sake taka ƙofar gidansa.

Damina ta shigo ta fita, Zahara'u ba ta sa shi a ido ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai ta leƙa ko shi ne. Kewa ta ramar da ita, saƙonsa kaɗai ke riƙe ta.

"Zaharata, yau na tsaga tsakuwar taurenki. Cikinta hawa-hawa ne kamar albasa, da ƴar ƙwaya a tsakiya. Sinadarin dusa ke lulluɓe ta kullum idan ruwa ya yi ƙaranci. Haka kewarki ke yi mini."

"Likitana, ni ma abinci ya daina shiga. Ka yi haƙuri da Baba."

Malam kuwa yana da tauren layya da ya turke, dusa zalla yake ɗura masa yadda ya ga ubansa na yi. Wata safiya tauren nan shi ma fitsari ya tsaya masa. Aka gwada jiƙe-jiƙe, shiru.

"Baba," in ji Zahara'u, "ka bari a kira shi, ko don dabbar."

Siddiƙ ya zo, ya fitar da tsakuwa, ya tsaga ta a gaban Malam, ya miƙa masa gilashin ƙara girma.

"Mi ag ga ciki?" in ji Malam.

"Dusa ta, Baba. Kowane zobe kwanakin da ya ci ta ba isasshen ruwa ne. A haɗa mai da harawa, ruwa kuma kada ya yanke."

Malam ya daɗe yana kallo.

"Ashe ni nika haɗa asirin ga da hannuna," ya ce. Ya dubi ɗiyarsa da ke laɓe bakin zaure, yau ya lura da ramarta. "Turo magabatanka, ɗana."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Da gwaggonni ke buɗe lefe, suka tarar da ƴar kwalba a ƙasan atamfofi, tsakuwa rabi biyu a ciki.

"Wannan kuma na mine ne?" in ji ɗaya daga cikinsu.

Zahara'u ta karɓe, ta damƙe a tafinta, hawaye na zuba. "Tawa ce, Gwaggo, tsakuwar taurena ce."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.