Romo Mai Shekara Casa'in

Ƙarfe uku da kwata na rana aka bugo wa Sufeto Kurihara waya cewa an yi sata a gidan abincin da ke hawa na ashirin, a babban otal ɗin nan na bakin kogi a birnin Kanazawa. Safarsa ce ta fara faɗo masa a rai tun kafin ɓarawon. Ta hagu ta huje tun safe, kuma kowa ya san ba a taka tabarmar irin wannan wuri da takalmi.

Haka ya shiga yana naɗe babban yatsa kamar mai ciwon ƙafa.

A kicin ya tarar da Baba Onodera, shugaban masu girki, tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, ya zauna a kan buhun shinkafa yana sharar hawaye da hularsa.

"Me aka ɗauka, Baba?"

"Kakana aka ɗauka!"

Sai da Sufeto ya yi tambaya uku kafin ya gane tukunya ake nufi. Tukunyar romo ce da ake shafa wa gasasshen kifin unagi, wannan dogon mai kama da maciji. Kakan Onodera ne ya fara haɗa romon shekara casa'in da suka wuce, kuma tun daga ranar ba a taɓa bari ya ƙare ba, sai dai a ɗiba a ƙara. Don shi mutane ke kama wuri tun wata uku kafin ranar cin abinci.

"Gobe fa wani farfesa zai zo da na'urarsa ya auna shekarun romon, a buga a jarida," in ji tsohon. "Yanzu me zai auna? Ni?"

Manajan otal, wani dogo mai suna Tatsumi, ya matso yana gyara wuyan riga. "Yallaɓai, kada mu ɓata maka lokaci. Makullin ɗakin tukunya yana hannun Uwargida Shiraishi. In ba a ga tukunya ba kafin ƙarfe shida, ta tattara kayanta."

Uwargida Shiraishi ita ce shugabar masu kai abinci. Shekara talatin da huɗu tana durƙusa wa baƙi a wannan wuri har gwiwoyinta sun yi kanta. Tana tsaye a gefe, fuskarta ta yi fari fat. Tausayinta ya kama Sufeto, duk da ya lura tun shigowarsa idonta na kan yatsansa.

"Ina kike tsakanin ƙarfe biyu da uku?"

"Ina jera furanni, ranka ya daɗe. Makulli bai bar jikina ba."

"Furannin da na gani a ƙofa sun yi yaushi."

Ta sunkuyar da kai. "To... ina ɗakin ajiya. Yau ake gasar kokawar sumo, na ɗan leƙa a waya. Makullin na rataye shi a ƙusa. Don Allah kada manaja ya ji, ya ɗauka ni mai karatun waƙoƙi ce."

A ɗakin tukunya babu ko ɗigon romo a ƙasa. An goge wurin tas, an ninke tsumman gida uku, an ajiye a gefe. Sufeto ya rubuta a littafinsa: ɓarawo mai tarbiyya.

Ya koma kan manaja. "Kai fa?"

"Ina ofis ina aiki."

"Da wane hannu? Rigarka duk ɗigon miya ce."

Tatsumi ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Taliyar nan ta kwali da ake zuba wa ruwan zafi na ci a bayan matattakala. Yallaɓai, abincin nan nasu kyau gare shi, amma loma ɗaya ne a tsakiyar faranti da ganye a kai. Ni kuma cikina babba ne. In Baba ya ji, kashina ya bushe."

Don ya wanke kansa, manajan ya kunna masa hoton kyamarar tsaro. Ga wani cikin farar rigar kicin, ya rufe fuska da tawul. Ya tsaya a gaban tukunya, ya rusuna mata sau biyu, sannan ya rungume ta ya fita. A bakin ƙofa ya juyo ya sake rusuna wa ɗakin da babu kowa.

"Ka gane shi?"

"Yallaɓai, a nan ko lif mai hawa da mu sama muke rusuna wa."

Saura mutum ɗaya, Hayami, mataimakin Baba. Shekararsa hamsin da biyu, ya yi talatin a kicin ɗin, amma har yanzu "kai yaro" tsohon ke ce masa, kuma ba a yarda ya taɓa ludayin romo ba. Sufeto ya same shi yana fifita gawayi, ga kifi an tsire a jere.

"Ina kake lokacin sata?"

"Na sauka kasuwa, ranka ya daɗe."

"Baƙi nawa ne yau?"

"Ashirin da huɗu."

"Kuma ba ka ce a soke ba? Kowa na kuka, kai kana hura wuta. In babu romo, me za ka shafa wa kifin?"

Mafici ya tsaya cak a hannun Hayami. Sufeto ya bi hancinsa zuwa murhun baya, ya ɗaga wani kwando da aka kife. Ƙaramar tukunya ce a ƙarƙashi, baƙin romo na ɓararraka a hankali.

Ya zuba kaɗan a ƙoƙo, ya tara kowa, ya miƙa wa tsohon. "Baba, ɗanɗana wannan."

Onodera ya lasa, ya lumshe ido, hawaye suka sake zubowa. "Shi ne! Kakana ne! Ka ji shekara casa'in a kan harshe. Ko a mafarki ba mai iya kwaikwayon wannan."

"Awa ɗaya ke nan da ɗora shi a wuta," in ji Sufeto.

Hayami ya zube ƙasa har goshinsa ya taɓa daɓe.

"Ni ne, Maigida. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da ka je cire haƙori, na ɗaga tukunyar zan share ƙarƙashinta, santsi ya kwashe ni. Romon kaka duk ya bi magudana. Na haɗa wani da abin da nake leƙowa in kana aiki. Tun daga nan duk abin da ka ƙara, sai na bi bayanka na gyara. Da na ji farfesa zai zo da na'ura, na san asiri zai tonu, shi ne na ciro makulli a ƙusa, na ɓoye tukunyar a akwatin takalman baƙi. Na ɗora ta a kan matashi, ba ta taɓa ƙasa ba."

"To me ya kai ka dafa wani?" Sufeto ya tambaya. "Da ka zauna kana kuka kamar kowa, da ban kama ka ba."

Hayami ya ɗago da mamaki. "Ranka ya daɗe, baƙi fa za su zo ƙarfe shida."

Aka ɗauko tukunya lafiya lau. Manaja ya rusuna wa Uwargida Shiraishi har sau uku yana ba ta haƙuri, ita kuma ta karɓi makullinta da ya ƙwace tana kallon ɗigon miyar da ke rigarsa.

Baba Onodera dai yana ta lissafi da yatsu. "Sha ɗaya," ya ce a hankali. "Shekarar da aka fara yabon romon nan ke nan. Ni kuwa na ɗauka hannuna ne ya faɗa."

"Mu je ofis ka ba da bayani," Sufeto ya ce wa Hayami.

A bakin ƙofa Uwargida Shiraishi ta durƙusa ta juya wa Sufeto takalmansa. A cikin na hagu ya tarar da sabuwar safa a ninke. Kunya ta rufe shi, ya cusa ta a aljihu.

Sun kusa shiga lif sai ga tsohon ya biyo su da gudu, ludayi a hannu.

"Sufeto! Ɓarawo ne, ka hukunta shi da kyau. Amma ka dawo min da shi kafin shida saura kwata." Ya juya ga mataimakinsa, ya miƙa masa ludayin da hannu biyu. "Hayami... sukari nawa kake sawa?"